Motar da Ba Ta Rufa Asiri

Shekara ashirin da shida ya yi yana jan bas a layi na tara, daga gareji, ta gaban kasuwa da babban asibiti, zuwa ƙarshen gari a dawo. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa sai Baba Tara. A wurin aiki an san shi da abu biyu: ba ya makara, kuma ba ya magana. In ka gaishe shi zai amsa, in ka tambayi mutanen gida zai ce lafiya, daga nan an rufe shago. Abokinsa Sufana, bakaniken gareji, yakan ce ya fi sauƙi ka kwance noti mai tsatsa da ka ciro zance daga bakin mutumin nan.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kaf garejin babu mai surutunsa. Tsohuwar motarsa injinta a gaba yake, dab da ƙafarsa, ƙarƙashin wani murfin ƙarfe mai zafi da yakan ɗora kwanon abincinsa a kai don kada ya huce. In ya taka totur, ko wanda ke zaune a bayansa ya ƙwala masa kira ba zai ji ba. To, a cikin wannan rugugi yake sakin bakinsa. Da ya fita daga ƙofar gareji zai fara, da murya sosai, ba raɗa ba, kuma ba zai tsaya ba sai ya kashe mota. Fasinjan da ya hango leɓensa na motsi a madubi sai ya ɗauka addu'a yake yi, har ya ji hankalinsa ya kwanta cewa ya dace da direba mai tsoron Allah.

Da 'yarsa yake magana, wadda yake kira Uwata. Ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma shekara huɗu ke nan ba ta taka gidansa ba.

Gidan nasa ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, jingine da katangar gareji, tagar ɗakin kwana tana kallon filin da ake tayar da motoci arba'in kowace safiya a bar su su yi ɗumi. Farin labule ba ya sati a tagar nan sai ya koma ruwan toka. In ka shafa yatsa a kan tebur, za ka iya rubuta sunanka. Matarsa ta fara da ɗan tari na safe, aka sha magani, aka canza magani, har wani likita ya ajiye biro ya tambaye su inda suke zaune. Da aka gaya masa, ya ce su tashi. 'Yar, wadda a lokacin ta fara aiki a kantin magani, ta yi ta yawo har ta samo musu gida a can gefen gari inda akwai itatuwa. Baba Tara ya je ya gani, ya yaba, ya dawo ya ce a bari a ga ƙarshen shekara, don daga nan zuwa wurin aikinsa tafiyar minti uku ce. Aka ga ƙarshen shekara sau uku. Ba a ga na huɗu da matar ba.

Ranar da masu zaman makoki suka watse, 'yar ta ɗauki jakarta da jaririyarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, minti uku ka zaɓa." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙara komai ba.

Ba wai sun yanke zumunci ba ne, ina. Yakan kira ta a waya, ya ce ya aiki, ta ce lafiya, ya ce ya yarinya, ta ce lafiya, sai su yi shiru su biyun suna sauraron numfashin juna har ɗaya ya ce to madalla. Halinsa ta ɗauko tsaf, ba ta bar ko ƙwaya ba. Sauran zancen kuwa injin ke sha. Shekarar farko kare kansa yake yi, yana kawo hujja, har yana dukan sitiyari. Ta biyu ya koma bayani. Zuwa yanzu hujjojin duk sun zube a hanya, abin da ya rage bai fi a faɗe shi tsakanin tasha biyu ba, amma kullum sai ya maimaita shi, kuma kullum sai ya ji sauƙi kamar wanda ya sauke buhu. Wannan sauƙin ne ya cuce shi, don shi ya sa bai taɓa jin dole ya je ya faɗa mata ido da ido ba.

Ana nan sai ƙanwar matarsa ta biyo ta gaya masa cewa an yi wa mijin 'yar canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan kwana biyu a mota, kuma ƙarshen wata za su tattara. Ta ce ta gaya masa ne don kada ya ji a bakin duniya. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Da ta tafi ya duba kalanda, saura kwana goma sha tara.

A satin ne kuma aka sa sababbin motoci a layi na tara, masu aiki da lantarki. An riga an rufe rufin gareji da farantan hasken rana, an kafa turakun caji a jere inda famfon dizal yake a da, an kuma yi wa direbobi horo na sati biyu a cikin fili. Baba Tara ba ya cikin masu ƙorafi. Gaskiya ma motar ta burge shi. Babu giya, babu kuloci, sai dai ƙafarsa ta hagu da ta riƙa lalube a ƙasa tana neman abin takawa. In ya ɗaga ƙafa a gangare, motar da kanta take rage gudu, wai har tana mayar da wuta cikin batiri, abin da ya sa ya ce wa mai horon, a cikin magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa, ashe akwai motar da ta san tattali. Sufana kuwa cewa ya yi aurensa na cikin haɗari, don kwana uku a jere ya koma gida da farcensa fes, matarsa ta tsare shi sai ya faɗi inda yake yini.

Ranar farko a kan titi, motar cike take da masu zuwa aiki. Ya fita daga gareji, ya sha kwanar farko, hannu ya san aikinsa, ido yana kan hanya, sai baki ma ya kama nasa aikin kamar kullum. Bai san ya fara ba. Yana tsaye a danjar kasuwa yana cewa, "Uwata, ki yi haƙuri ki saurare ni ko sau ɗaya ne, ni na san abin da na yi," sai ya lura da wani abu da bai saba ba: yana jin muryarsa tana dawo masa. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Mutum hamsin suna kallon ƙeyarsa, har mai waya a kunne ya sauke ta.

Wani daga baya ya ce, "Direba, da mu kake?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma da ƙasa za ta tsage da ya shige da motar gaba ɗaya. Gumi ya karyo masa duk da sanyin da ke busowa daga sama. Bai san iya abin da ya faɗa ba, bai san tun daga ina suke ji ba.

Akwai wata malamar makaranta, dattijuwa, da ta shekara shida tana zama a kujerar da ke bayansa kowace safiya tana duba littattafan ɗalibai a kan cinya. Da za ta sauka sai ta dakata a gefensa, ta bari na bayanta suka wuce. Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka addu'ar sauka lafiya yake yi musu, har takan ce amin a zuci. Sannan ta rage murya ta ce, "Wadda kake wa maganar nan, tana da rai?"

Ya ce tana da rai.

Ta ce, "To, Baba, mu me za mu yi maka da ita?" Ta gyara littattafanta ta sauka.

Daga ranar ya ɗinke bakinsa. Sai ya zamana shi ne mai saurare. Ya ji abubuwan da shekara ashirin da shida yana wucewa ta cikinsu bai san da su ba: ƙarar taya a kan jiƙaƙƙen kwalta, tsuntsaye a bishiyar da ke tashar makaranta, mata biyu suna gulmar ta uku da ta sauka, jariri yana tsotso. Ciwon kan da yake tashi da shi daga aiki kullum, wanda ya ɗauka na tsufa ne, ya neme shi ya rasa. Wuyan rigarsa yana kai yamma da haskensa. Duk ya ga wannan, bai musa ba. Amma maganar da ya saba zubarwa ta taru ta tokare masa ƙirji, ga kwanaki suna ta zubewa. A gida ya gwada yi wa bango, abin ya ƙi, don shi bakinsa ba ya buɗewa sai hannunsa na kan sitiyari. Ya ɗauki waya sau biyu, sau biyun aka yi ya aiki ya yarinya aka ajiye.

Da saura kwana tara sai ya je ofishin manaja ya roƙi a mayar da shi kan ɗaya daga cikin tsofaffin motocin da suka rage. Manajan ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce direbobi har faɗa suke yi a kan sababbin, mutanen unguwar bayan katanga sun aiko da takardar godiya wai sun fara shanya a waje, shi kuma da ya fi kowa shaƙar hayaƙi a gidan nan shi ne zai ce a mayar da shi? Ya tambaye shi ko motar ce take ba shi matsala. Ya ce a'a. Ko fasinja? A'a. To mene ne? Baba Tara ya tsaya yana juya hula a hannu. A ƙarshe manajan ya ce ko yana so ma babu hali, tsofaffin an cire su daga aiki, masu yankan ƙarfe ake jira.

Sufana ne ya ga yadda ya fito, bai tambaye shi komai ba, ya zaro makulli daga aljihu ya ce tsohuwar motarsa tana can ƙarshen fili, in sallama zai yi da ita ya je, har yanzu akwai ɗan mai a tankinta.

La'asar ce, filin babu kowa sai sababbin motoci uku da ke jingine da turakunsu suna shan caji shiru. Ya hau, kujerar ta karɓe shi daidai inda ta lotsa. Ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Rugugin ya cika masa kunne, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, ya buɗe baki zai fara. Sai ya tuna bai duba ko an cire dutsen da ake tare taya da shi ba, aikin sabo, ko da yake ba inda za shi. Ya sauko ya zagaya baya.

Bai taɓa tsayawa a bayan motarsa tana aiki ya ɗaga kai ba. Direba a gaba yake zama, hayaƙi kuwa ta baya yake fita, shi kullum yana gaba da shi. Yanzu da sauran motocin ba sa yi, na tasa kaɗai ne a sararin, baƙi ƙirin, ana ganin hanyarsa sarai. Ya bi shi da ido. Ya tashi daga bututun salansa, ya kwanta kan iska, ya haura katanga a hankali, ya nufi tagar hawa na biyu kamar wanda ya san gida. Nan gadon matarsa yake. Nan take zama da safe ta leƙo ta ga fitarsa, shi kuma yakan ƙara taka totur sau biyu don ta san shi ne.

Ya daɗe a tsaye. Baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar rasuwar ya sauko masa, don a ranar yana da abin da zai ce wa kansa, yau kuwa babu. Ya hau ya kashe motar, ya mayar wa Sufana makulli, ya ce a yanka ta.

Saura kwana huɗu, da hantsi, lokacin da masu aiki sun gama tafiya motar ba ta cika ba, ya tsaya a tashar gidan waya ya buɗe ƙofa. Mace ta hau riƙe da hannun yarinya 'yar shekara biyar. Sai da ta ɗora katinta a kan na'ura suka haɗa ido, ashe 'yarsa ce. Motoci shida ne a layin, ita ma da gani ba ta zaci tasa za ta zo ba. Ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba." Ya ce lafiya lau. Ta ja yarinyar suka wuce kujera ta uku a bayansa.

Ya ja mota. Rabonsa da jikar nan tun tana goye. Ya ji tana tambayar uwar me ya sa yau suka hau bas, ba ta ce bas na sa ta tari ba? Uwar ta ce wannan ba ta hayaƙi, likita ma ya ce ba komai. Sai suka yi shiru, kuma a cikin shirun ya ji wani abu: wani siririn fito a ƙarshen kowane numfashin yarinyar. Ya san sautin nan. Shekara bakwai ya kwana kusa da shi. Ba wanda ya gaya masa jikarsa na da ciwon ƙirji, kuma da a tsohuwar mota ne, da sun hau sun sauka bai sani ba.

Tasha bakwai ce tsakaninsu da asibiti. Ya bar ta farko ta wuce, ya bar ta biyu. A ta uku wani tsoho ya ɓata masa lokaci yana hawa da sanda, ya ji kamar ya gode masa. Ya dubi madubi: mutum goma sha wani abu, ga ta nan ta juya fuska tana kallon taga. Ya san sarai kowa zai ji. Ya gyara riƙon sitiyari, ya kafa ido a kan hanya kamar yadda ya saba, ya buɗe baki.

"Uwata, ba sai kin amsa ba. Abin da kika faɗa a bakin ƙofa gaskiya ne. Uwarki ta ce mini a bar ta a ɗakinta, ba ta son tashi, ni kuma na ji daɗi da ta faɗi haka, na laɓe a bayan maganarta don ta yi mini daidai. Da na ce mu tashi, da ta bi ni, ba ta taɓa ƙin bina ba. Kin nemo gida, kin yi naki, ni ne ban yi nawa ba. Shekara huɗu ina faɗa miki wannan kullum a inda na san ba za ki ji ba. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya ba, kada ki tafi ba ki ji ba."

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata ta daina ɓare ledar da take ɓarewa. Bai iya duban madubi ba, sai ya dubi hanya, ya tsaya a tasha ta biyar, ya tsaya a ta shida, yana buɗe ƙofa yana rufewa, ba wanda ya sauka ko da akwai mai niyya. Daga kujera ta uku ba a ce uffan ba. Ya ce a ransa shi ke nan, ya makara, kuma ba shi da wanda zai ba laifi.

A gaban asibiti ya taka birki ya buɗe ƙofa. Ya ji takunsu suna tahowa. Ta tsaya a gefensa ta riƙe ƙarfe, ba ta dube shi ba, ita ma hanyar take kallo ta gilashin gaba.

Ta ce, "Na san ta faɗa. A gabana ma ta faɗa, har na yi mata faɗa. Amma ita ta tafi, Baba, kai ka rage. Da wa zan yi fushi?"

Ta goge fuska da bayan hannu, ta ce tafiyar tana nan ranar Asabar, ba a fasa ba. Sannan ta tambaye shi yaushe zai sake biyowa ta nan. Ya ce sai nan da awa ɗaya da kwata, amma akwai wasu motocin kafin tasa, duk minti goma sha biyu.

Ta ce, "Za mu bar su su wuce."

Suka sauka. Ya kai hannu zai danna maɓallin ƙofa, idonsa ya cika har ba ya ganinsa sosai. Daga bakin titi ya ji yarinyar, da ɗan fiton nan a muryarta, tana tambayar uwarta me ya sa direban yake kuka. Ya ji amsar ma, tun kafin ƙofa ta rufe.

"Ba direba za ki ce ba. Kakanki ne, in ya dawo ki gaishe shi da kyau."